Maza Suna Filin Ƙwallo

Gwaggo tana kan keken ɗinki a shagonta na bakin titi, tana ɗora lambobi a bayan rigunan 'yan ƙwallon makarantar sakandaren unguwa, sai ta ga Auta ta wuce ta gaban shagon da jakarta a hannu, ta shige gida ba tare da ta gaishe ta ba. Hantsi ne a lokacin, da sauran nisa kafin a tashi daga makaranta. Auta kuwa 'yar ƙanenta ce, ita ta riƙe ta tun tana rarrafe, kuma a duk shekarun nan yarinyar ba ta taɓa wuce shagon ba tare da ta leƙo ta tsokane ta ba. Gwaggo ta tsayar da keke, ta soke allura a gaban rigarta, ta bi bayanta.

Ta same ta zaune a bakin gado, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ke, lafiya? Wa ya mutu?"

"Shugaban makaranta ne ya ce in zauna a gida sai kwamitin iyaye ya zauna a kaina."

"A kanki? Ke da jarrabawar fita take gabanki? Me kika yi?"

Auta ta daɗe tana murza igiyar jaka kafin ta buɗe baki, da ta fara kuma maganar gutsure-gutsure ta riƙa fitowa. Akwai wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin unguwa, wadda kowa ke kira Sista, da take zuwa makarantar kowane zango ta yi darasin kiwon lafiya. A zuwanta na baya ta yi bayani a kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ta faɗi alamominsu, ta ce duk wadda ta ga irinsu ta zo asibiti da wuri domin suna da magani. Auta ta ga irinsu a jikinta. Dokar makarantar kuwa ita ce, ɗaliba ba ta fita a lokacin karatu sai da izinin Uwar ɗalibai, wato malamar da ke kula da 'yan mata, ita kuma ba ta ba da izini sai an faɗa mata dalili. Auta ta faɗa mata, ta roƙe ta ta rufa mata asiri. Kafin a tashi maganar ta isa ofishin Shugaba. Da safen nan ya tsaya a taron safe ya ce wata 'yar ajin ƙarshe ta jawo wa makaranta abin kunya. Bai kama suna ba, amma ya juya ya dube ta, idanun ɗalibai duka suka bi nasa.

Gwaggo ta zauna kusa da ita.

"Wane ne?"

"Gola."

Gwaggo ta san shi. Shi ne mai tsaron ragar makaranta, ɗan Mai gareji na ƙarshen layi, dogon yaro mai durƙusawa idan ya zo karɓar ɗinki. Ta sha ganinsa ya rako Auta yana riƙe mata littattafai. Rigarsa ma tana can kan kekenta, ita ce mai lamba ɗaya.

"Na ce masa a'a, Gwaggo. Cewa ya yi in taya shi kai raga ɗakin ajiye kayan wasa. Na ce a'a, na sake cewa, har kuka na yi. Ya rufe ƙofa." Ta ɗago ta dubi Gwaggo. "Ban gaya miki ba ne don na ɗauka laifina ne, tunda da ƙafata na bi shi. Sai da na ji Sista ta ce idan mutum ya ce a'a aka ci gaba, ba shi ne mai laifi ba."

"Shi fa? Shi ma an ce ya zauna a gida?"

"Yana fili. Suna da wasa da wata makaranta."

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta cire wa yarinyar takalmi da hannunta, kamar yadda take yi mata tana ƙarama, sa'an nan ta tuna ba zama za su yi ba, ta mayar mata da shi.

"Tashi. Asibitin da aka hana ki zuwa, ni na ba ki izini."

Sista mace ce gajera mai saurin magana. Ta shigar da Auta ɗakin duba marasa lafiya ita kaɗai, ta bar Gwaggo a kan benci tana cin farce, sai bayan ta tambayi yarinyar ko ta yarda a yi bayanin a gaban gwaggonta sa'an nan ta kira ta. Ta ce ciwon yana warkewa sarai idan aka sha magani har ƙarshensa, ba a ajiye shi don an ji sauƙi ba. Ta ce an ɗebi jini domin a duba sauran cututtukan da ba sa nuna alama, kuma za a sake ɗiba nan gaba. Ta ce shi ma yaron dole a duba shi, domin da yawa suna ɗauke da ciwon ba su sani ba, suna kai wa wasu.

"Abin da ya yi miki kuma," in ji Sista, tana duban Auta ido cikin ido, "yana da suna a doka. Fyaɗe ne. Akwai ofishin da ke karɓar ƙorafin cin zarafin yara, aikina ne in sanar da su, kuma idan za ki yi magana da su ina gefenki."

Gwaggo ta buga cinya. "Abin da ya fi ƙona mini rai, Sista, shi ne yaron nan yana zaune ya ji darasinki da kunnensa, ya tashi ya aikata."

Auta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wane darasi, Gwaggo? Ai maza ba sa shiga. Duk ranar da Sista ta zo fitar da su ake yi."

"Fitar da su ake yi a yi musu nasu daban," in ji Sista. "Haka Shugaba ya tsara tun farkon zuwana. Ni in ɗauki mata a ɗakin taro, Malamin wasanni ya ɗauki maza. Har hotunan bayani nake aika masa."

"Ƙwallo suke bugawa, Sista. Su ne masu ihun nan da kike cewa mu rufe tagogi saboda su."

Sista ta ajiye biron da ke hannunta a hankali. Shekara da shekaru tana shiga ɗakin nan, kuma ba ta taɓa fara magana ba sai ta sa an rufe tagogin da ke duban fili, tana mitar yara marasa tarbiyya da ke hana mutane ji. Ba ta taɓa leƙawa ta ga ko su wane ne ba.

"Da hannuna," ta ce. "Wallahi wani lokacin da hannuna nake rufewa."

A ranar da kwamitin iyaye zai zauna, Gwaggo ta tashi da maganganu cike da bakinta, ta shirya su tsaf kamar yadda take shirya yanka kafin ɗinki. Tana ɗaura ɗankwali sai ta hangi Auta ta madubi, ta tsaya. Ta tuna yadda Sista ta bar ta a kan benci sai da aka nemi yardar yarinyar.

"Auta, zo nan. Maganar nan taki ce. Waccan matar ta ɗauke ta ta kai ofis ba ta tambaye ki ba, ni ba zan yi haka ba. Me kike so in faɗa, me kike so in bari?"

Auta ta matso kusa da ita. "Ki faɗa musu na ce a'a. Kada ki faɗi yadda aka yi. Kuma zan bi ki, in tsaya a bakin ƙofa."

A ɗakin taron makarantar aka zauna, wanda Sista ke darasi a cikinsa. Tagogin a rufe suke, amma ana jin ƙarar usur da ihun yara daga fili. Shugaban makaranta ya zauna a tebur, Uwar ɗalibai a damansa tana fifita da kwali, Malamin wasanni a hagunsa da igiyar usur a wuya, domin ya bar atisaye a hannun kyaftin ya shigo. Sista ta zo ba a gayyace ta ba, ta zauna a bencin baya.

Shugaba ya yi dogon jawabi a kan sunan makaranta. Ya ce bai zargi kowa ba, amma tun da aka fara darasin nan idanun 'yan mata suka buɗe, ga kuma sakamakon. Shawararsa biyu ce: a dakatar da darasin, a kuma bar iyayen yarinyar su janye ta cikin mutunci ba tare da an rubuta kora ba. Iyaye da dama suka gyaɗa kai. Wata mata a gaba ta ce su da aka raine su ba wanda ya zaunar da su ya yi musu irin wannan zance, ga su kuma sun girma lafiya.

Gwaggo ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ce uwar yarinyar. Kafin a janye ta cikin mutunci ina da tambaya, kuma ba kai zan yi wa ba." Ta juya. "Malam, kai ne mai koya wa maza nasu darasin. Me kake gaya musu?"

Malamin wasanni ya yi murmushi ya sosa ƙeya. "Haba Gwaggo, a gaban mutane? Namiji ai da saninsa yake tasowa, me zan ƙara masa? Nakan dai ce musu su yi hankali, kada wani ya kwaso mana rigima ana gab da wasa."

Maza kaɗan suka yi dariya.

"Hotunan da Sista take aiko maka fa?"

"Suna nan a ajiye. Kwali ne mai kauri, mun ma yi amfani da wasu mun toshe tagar ɗakin kaya."

Dariyar ta ƙaru, Gwaggo ta jira ta lafa. Sa'an nan ta taka zuwa bango, ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana bankaɗewa, har ƙarfen ɗaya ya bugi bango. Ihun fili ya cika ɗakin.

"Ku duba. Ga ajin maza can. Yarinyata ta zauna a ɗakin nan an gaya mata ta kula da kanta, ta ji ciwo ta nemi asibiti kamar yadda aka koya mata, ita ce kuka tsayar a gaban makaranta. Wanda ta ce wa a'a ya ƙi ji kuwa ga shi can a raga, ko tambayarsa ba a yi ba. Kun ce darasi ne ya ɓata ta. To shi da bai taɓa jin darasin ba, me ya ɓata shi?"

Mai gareji ya tashi daga tsakiyar mutane, babban mutum mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ransa a ɓace yake, amma ya riƙe muryarsa.

"Gwaggo, muna mutunci da ke, kada ki ɗora wa ɗana abin da bai yi ba. Na tambaye shi a gida. Ya yi kuskure, na hukunta shi, amma ya rantse mini da yardarta ne."

"Ka tambaye shi abin da ta faɗa da bakinta?"

"Yarona ba ya mini ƙarya. Bari ki ji da kunnenki."

Shugaba ya ɗaga hannu zai hana, amma Mai gareji ya riga ya isa taga ya ƙwala wa ɗansa kira. Gola ya shigo da gudu, yana haki, safar tsaron raga a hannuwansa. Ya durƙusa ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya, har da Gwaggo.

"Kai," in ji ubansa, "faɗa wa mutanen nan gaskiya. Yarinyar nan da yardarta ne ko ba da yardarta ba?"

"Da yardarta ne, Baba. Ai ita ta biyo ni."

Mai gareji ya buɗe hannuwa yana duban jama'a.

"Ba wannan na tambaya ba," in ji Gwaggo. "Me ta ce maka?"

Yaron ya dubi ubansa, ya dubi Malamin wasanni, ya ɗaga kafaɗa. Babu alamar tsoro a fuskarsa, domin bai ga abin ɓoyewa a cikin amsar ba.

"Ta dai ce a'a. Amma ai duk haka suke cewa, kunya ce. Kowa ya sani. Ko Malam ma yakan ce mai tsayawa don an ce masa a'a ba zai taɓa cin ƙwallo ba."

Uwar ɗalibai ta daina fifita. Malamin wasanni ya ce wasa ne, a kan ƙwallo yake nufi, yara ne suka juya maganar, amma ba wanda ya dube shi. Mai gareji ya tsaya da hannuwansa a buɗe kamar ya manta da su, sa'an nan ya sauke su a hankali.

"Ta yi kuka?" ya tambayi ɗansa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Sai a lokacin yaron ya sunkuyar da kai.

Wata mata mai jiki, wadda tun farko take goyon bayan Shugaba, ta miƙe tana gyara mayafi. "Tsaya, tsaya. Ni 'ya'yana duk maza ne a makarantar nan. Kullum aka ce Sista ta zo sai in ce alhamdu lillahi, an ɗauke mini nauyin abin da bakina ba zai iya faɗa ba. Ashe gumi kawai suke kawo mini gida? Ranka ya daɗe, wannan abin da yaron nan ya faɗa, shi 'ya'yana suke ji?"

"Ni kuma 'yata ajinsu ɗaya da shi," in ji wani daga baya. "An ce ciwo ne. Wa ya duba shi?"

Sista ta tashi ta ce ba wanda ya duba shi, kuma ya kamata ubansa ya kawo shi yau. Ta ce ita ma tana da nata kason, tunda ba ta taɓa bincika ko ana yi wa maza darasin ba, kuma daga yau ba za ta sake buɗe baki a ɗakin nan ba sai maza suna ciki. Wani dattijo ya ce to ai an gano bakin zaren, rashin sani ne ya ja wa yaron, a yi masa uzuri.

"Uzuri?" Gwaggo ta juyo kansa. "Baba, ba kurma ba ne. Ya ji a'a, yanzu ya faɗa da bakinsa. Makaranta tana da laifinta, shi ma yana da nasa, ba za a wanke ɗaya da ɗaya ba. Maganarsa tana wurin hukuma. Ni abin da ya kawo ni kujerar 'yata ce."

Shugaba ya yi gyaran murya, ya tattara takardun gabansa ya sake baza su. Ya ce a gaskiya al'amarin ya ɗauki wani salo. Ya ce domin kare yarinyar daga bakin ɗalibai, za a bar ta ta yi karatu a gida, ranar jarrabawa ta zo a ba ta ɗaki ita kaɗai.

"Bakin ɗaliban da wa ya buɗe?" in ji Gwaggo. Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ta fasa, ta juya wajen ƙofa. "Auta, kin ji abin da aka ce. Ke za ki zaɓa."

Auta ta shigo taku biyu kawai. Ba ta dubi Gola ba, ba ta dubi Uwar ɗalibai ba. An ji muryarta har bencin baya.

"A ajina zan zauna. Ban yi abin da za a ɓoye ni ba."

Shugaba ya duba fuskokin iyaye yana neman mai taya shi, bai samu ba. Ya ce to, kwamiti ya yanke, kamar dai shawararsa ce tun farko. Bai ba da haƙuri ba, ba a kuma ce wa Uwar ɗalibai komai ba a kan asirin da ta tona. Mai gareji ya zare safar daga hannun ɗansa ya ajiye a kan teburin Shugaba, ya tasa shi gaba suka bi bayan Sista zuwa asibiti.

Washegari Gwaggo ba ta buɗe shago da wuri ba. Ta raka Auta har cikin makaranta, ta ƙunshe rigunan 'yan ƙwallo a ƙarƙashin hammata, rabinsu da lamba rabinsu babu. A bakin ofis Uwar ɗalibai ta tare ta da fara'a tana cewa, "Gwaggo, an tashi lafiya? Ai komai ya wuce." Gwaggo ta dube ta daga sama har ƙasa ta wuce. Malamin wasanni yana tsaye a baranda, ta dire masa ƙunshin a gaban ƙafarsa.

"Haba Gwaggo, ba a gama ba fa, ga wasa ya matso."

"Ranar da Sista ta dawo, ka shiga da yaranka ka zauna a bencin gaba ka saurara. In an tashi ka kawo mini sauran."

A ƙofar ajin ƙarshe surutu ya ɗauke da aka ga Auta. Wasu suka haɗa kai suna raɗa, wani daga baya ya yi fito. Kujerarta tana layi na biyu kusa da taga, wata ta riga ta ɗora jaka a kai. Auta ta tsaya a gaban kujerar har mai jakar ta ɗauke. Ta zauna, ta ciro littafin lissafi, ta buɗe inda aka tsaya.

Gwaggo ta ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana bin masu raɗa da ido ɗaya bayan ɗaya. Sai da Auta ta ɗago ta yi mata alama da kai cewa ta tafi, sa'an nan ta juya ta nufi shago.